Kantar da Na Dawo da Ita Bakin Ƙofa

Shekara 19 ke nan ina sana'ar littattafai a wani ɗan shago da ke kusa da Kasuwar Sabon Gari. Na fara ne da littattafan soyayya na Hausa, waɗanda masana suka laƙaba wa suna Adabin Kasuwar Kano, ina sayarwa ina kuma bayarwa haya. Daga baya na ƙara da na Turanci na gwanjo, waɗanda nake sarowa daga Legas a kwali, ba tare da na san abin da ke ciki ba sai na buɗe.

A cikin irin wannan kwalin nake tsintar wasu ƙagaggun labarai da nake kira labaran lalatacciyar duniya. Marubucin yakan zana wani zamani mai zuwa inda hukuma ta sa wa kowa ido, ana auna wa jama'a abinci, ana tsara wa mutum aikin da zai yi da wadda zai aura, wani lokaci har da abin da aka yarda ya tuna. Da farko na ɗauke su kayan kwantai, na jibge su a kantar baya suna shan ƙurar hunturu. Wanda kawai yake motsi a danginsu shi ne Gandun Dabbobi, fassarar da Bala Abdullahi Funtua ya yi wa littafin George Orwell, wadda ta fito a 1975, shi ma yawanci malamai da ɗalibai ne masu nemansa.

Kasuwarsu ta buɗe ne bayan kullen korona na watan Afrilun 2020, ta ƙara buɗewa a farkon 2023, lokacin ƙarancin takardun naira, sa'ad da magidanci yake da kuɗinsa a banki amma ya wuni a layi bai samu na cefane ba. Wani maƙwabcina mai sayar da kayan rubutu ya ce wahala ce ta kai matasa ga waɗannan littattafai. Ban yarda da shi gaba ɗaya ba, domin wanda rana take dukansa ba ya biyan kuɗi a kwatanta masa zafi.

Abin da nake da shi wanda maƙwabcin nawa ba shi da shi, shi ne hirar masu dawo da haya. Wani ɗalibin Jami'ar Bayero ya dawo mini da 1984 na Orwell, wanda aka fara bugawa a 1949, ya ce, "Baba, ni ba muguntar hukumar ce ta hana ni barci ba. Mutumin da ke cikin labarin ya san ransa zai iya tafiya, amma ya sayi littafin rubutu ya ɓuya yana rubuta abin da ke zuciyarsa." Yaron nan lissafi yake so, mahaifinsa ya zaɓa masa wani fannin, kuma ladabi bai bar shi ya yi musu ba. Da yawansu haka suke: ba sa tsayawa kan rushewar garin, suna bin sawun mutum ɗaya ne da ya yanke shawara ɗaya da kansa, ko da ƙarama ce.

A nan ne na ga cewa ban canza sana'a ba. Matan aure da 'yan matan da suka shekara suna hayar labarin yarinyar da ta ƙi auren dole, ƙishirwa ɗaya ce take kawo su da wannan ɗalibin, bambancin kawai shi ne can hukuma ce take da iko, nan kuma gida ne. Littattafan da kansu shaida ne, domin idan suka dawo, shafin da tauraron labarin ya ce a'a shi ne wanda ya fi yin laushi da jan layin fensir, kuma shi nake fara liƙewa da gam.

Haya ta fi sayarwa tafiya a wannan ɓangaren, tunda littafi ya yi tsada, karatu a waya kuma ya ɗauke mana rabin jama'a. Waɗanda labarinsu ya ƙare da murƙushe tauraron akan dawo mini da su da fushi, kamar ni na rubuta, sannan mai fushin ya tambayi ko akwai wani irinsa. Bara na sa kafinta ya ciro kantar bayan ya kafa ta a bakin ƙofa, kusa da ta littattafan soyayya.