Ranar da nauyi ya ƙaru a cikin wuta

Ina shekarar ƙarshe ta digiri na biyu a kimiyyar sinadarai aka miƙo mini wani baƙin gari mai maiƙo a 'yar roba, daga wata masana'antar man girki da ke nan Kano. Katalis ne na ƙarfen nikel, wato abin da ke hanzarta haɗuwar sinadarai, wanda ake zuba wa mai tare da iskar haidurojin don ya daskare ya zama na shafa wa burodi. Ya gama aikinsa, mai da datti sun toshe shi. Aikina in gano yawan dattin, da zafin da zai ƙone shi.

Na'urar TGA da ake wannan awon da ita ba wani siddabaru ba ce, sikeli ne mai tsananin kaifi a cikin tanda. Miligiram 10 za ka ɗiba, ka zuba a ɗan kaskon alumina da bai kai ƙwayar gyaɗa ba. Zafi na hawa digiri 10 kowane minti, kwamfuta na zana nauyin. Kafin digiri 150 ruwa ne ke tashi, sai mai ya biyo baya, kunkunniyar kabon ta zo ƙarshe. Haka na haddace, kuma a duk littafin da na duba layin gangara yake yi.

Nawa ya gangara, ya tsaya, sai ya soma hawa. Abu na cikin wuta yana ƙara nauyi! Sau uku ina maimaitawa. Na ɗora wa janareto laifi, har na ce ko ƙurar hunturu ce ta shiga sikelin.

Akwai wani dattijo mai kula da ɗakin gwajin, ba ya son yawan magana. Ya leƙo allon, ya gyara hula.

"Wace iska ka buɗe, ɗana?"

"Ta gari, Baba."

"To ƙarfe ka ba wuta da oksijin, me zai yi in ba tsatsa ba?"

Kunya ta rufe ni, don lissafin 'yan aji ɗaya ne. Giram 58.7 na nikel idan ya sha oksijin yakan koma 74.7, ƙarin kusan kashi 27 cikin ɗari ke nan. Datti na ƙonewa nauyi na raguwa, nikel na ta shan oksijin yana ƙara nauyi a gefe guda, sikeli kuwa jimilla kawai ya sani. Ashe duk alƙaluman da na rubuta sun gaza yawan dattin na gaskiya.

Muka sake daga farko. Muka fara da kasko babu komai, sannan samfurin a cikin iskar naitirojin, wadda ba ta sa nikel tsatsa, har man ya fita, kafin a saki iskar gari. Yawan nikel kuma muka auna shi daban da wata na'ura, na cire kasonsa a lissafi. Mako biyu ya ci mini.

Da na ciro kaskon da hantsaki a gwajin ƙarshe, garin da ya shiga baƙi ƙirin ya fito toka-toka da ratsin kore, launin nikel da ya sha oksijin. Sau uku na ga wannan koren a baya, ina karkaɗe shi a kwandon shara.