Tarihin Rayuwata, Kashi na 14: Wa Zai Gaji Gidan Haya a Bronx?

'Yan uwa, makon jiya mun tsaya a kan samun gidan haya a birnin New York. Yau ga abin da ya fi tayar wa mutanenmu na Bronx hankali: mai sunan haya ya rasu ko ya koma gida dungurungum, mai gini ya turo takardar kwana 10 a fita.

A gidajen da hukuma ke ƙayyade kuɗin hayarsu, galibi gine-gine masu ɓangare 6 zuwa sama da aka gina kafin 1974, ɗan uwa yana iya gadon hayar da sunansa. Sharaɗin shi ne ya zauna tare da mai hayar, nan ne ainihin mazauninsa, shekara 2 cur kafin rasuwar ko tashin. Idan mai neman gadon mai shekara 62 zuwa sama ne ko mai naƙasa, shekara 1 ta isa. Kwanciya asibiti, karatu ko aikin soja ba sa katse lissafin.

Inda muke faɗuwa shi ne dangantaka. Doka ta lissafa mata ko miji, 'ya'ya, agola, iyaye, kakanni, jikoki, wa, ya, ƙane, ƙanwa da surukai. Ɗan yayanka da ka riƙa tun yana yaro ba ya ciki, haka kawu da gwaggo. Mu a wajenmu ɗa ne, amma a Kotun Gidaje sai ya bi ta ƙofar da shari'ar Braschi (hukuncin babbar kotun Jihar New York da ya faɗaɗa ma'anar iyali) ta buɗe a 1989: ya nuna shaƙuwa da dogaro da juna, kamar asusun banki na haɗin gwiwa, wasiyya, raba kuɗin cefane, jinya.

Alƙali takarda yake dubawa. Takardun haraji, lasisin tuƙi, inshorar lafiya, wasiƙun banki, duk su ɗauki adireshin gidan. Wanda ya bar lasisinsa da adireshin aboki don inshorar mota ta yi sauƙi, ya miƙa wa lauyan mai gini makami. Ina roƙonku ku cike fom RA-23.5 na DHCR, hukumar gidaje ta Jihar New York, tun mai hayar yana raye, a sanar da mai gini waɗanda ke zaune a gidan.

Takardar kwana 10 ba umarnin kotu ba ce, kada a kwashe kaya. A halarci zaman kotu, a nemi tafinta, a nemi lauya kyauta, domin tun 2017 birnin ya tanadar wa masu ƙaramin ƙarfi.

Mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu, za mu shiga zauren kotun.