Filin da takarda ta ce babu kowa

A shekarata ta biyu ina koyon aiki a hannun wani safiyo a Legas, aka tura mu awon wani fili a bayan wata unguwa kusa da Agege. Takardar da aka ba mu ta ce fili ne da babu kowa, za a yanka shi a gina gidajen haya. Na ɗauki na'urar awo da turakun siminti, a raina aikin yini ɗaya ne.

Kafin la'asar na ga ba haka abin yake ba. Yara na buga ƙwallo, mai shayi ya kafa teburinsa a gindin mangwaro. Dattawa suka ce a nan suke sallar Idi, a nan kuma ake ɗaure ragunan layya idan an sauko da su daga Arewa. Wani tsoho mai sayar da goro ya ja ni gefe ya ce, "Ɗana, kai da kake jin Hausa, gaya wa oganka ruwan unguwar nan duka a filin nan yake kwana. Ranar 10 ga Yuli, 2011, da Legas ta sha ruwa, shi ya cece mu. In kun cike shi, ɗakunanmu ruwan zai nufa." Na isar da saƙo. Oga ya ce iyaka aka aiko shi ya fitar, ba hanyar ruwa ba. Na yi shiru, kuma har yau shirun nan yana damuna.

Mutanen unguwa sun tashi tsaye, Hausawa da Yarbawa tare. Sun je wurin Baale, wato mai unguwa na Yarbawa, sun je wurin Sarkin Hausawa, mata sun tare motar yashi har sau biyu. Amma komai da baki suka yi, ba a rubuce ba. Tun Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978, ƙasar jiha a hannun gwamna take, kuma mai takardar mallaka shi ake fara saurara. Shekara da shekarun da suka yi suna amfani da filin ba a rubuce suke a ko'ina ba. Dokar tsara birane ta jihar ta 2010 ta ce sai da izini ake gini, sai dai wanda zai duba neman izinin, zanen filin ne kawai a gabansa, kuma zanen nan da hannuna aka yi shi. Ban sa kwarin da ruwa ke taruwa ba, ban sa mangwaron ba.

Aka cike filin, aka ɗaga harsashin gini ya fi titi tsawo, lambatun da aka yi kuwa ɗan siriri. Da damina ta kankama a watan Yuni na koma. Na tarar da tsohon yana kwashe ruwa daga ɗakinsa da bokiti, an ɗora katifa a kan benci. Bai yi mini faɗa ba, ya amsa sallamata ya tambayi aiki.

Yanzu ba na rufe littafin awo sai na ga wuri bayan an yi ruwa, sai na zauna da tsofaffin unguwa na rubuta abin da suka faɗa a cikin rahoto, ko mai fili ya so ko ya ƙi. Idan kuma 'yan'uwa suka zo mini da irin wannan kuka, nakan ce su rubuta ƙorafi ta hannun ƙungiyar raya unguwarsu tun kafin a sauke bulo, su haɗa da hotunan filin a lokacin damina, su tabbata an buga musu hatimi a kwafin da za su riƙe. Makon jiya na taya wasu daga unguwar Mile 12 rubuta nasu ƙorafin.