Bakin busa uku da na bi kafin in ji muryata

A badujalar makarantarmu ta sakandare a Birnin Kebbi na fara busa, kuma da begila na fara. Begila ba ta da fistin, wato maɓallan da ake dannawa da yatsu don canza murya, muryoyi biyar ko shida ne leɓe ke iya fitarwa daga cikinta, kuma ranar fareti ba wanda ya damu da daɗin busarka muddin ana jin ka daga ƙarshen fili. Mai koya mana tsohon soja ne mutumin Zuru, ya daɗe a badujalar soja kafin ya yi ritaya. Baba Saje muke ce masa. Shi ya fara ɗora mini tirampet a hannu, wanda mu a tsakaninmu ƙaho kawai muke kiransa, kuma a barandar gidansa na fara jin jaz, a wata rediyo mai kaset da ake ɗaure murfinta da roba.

Mutum uku ya sa mini a yammacin nan. Louis Armstrong, wanda Baba ya ce ya zo Nijeriya a 1960, busarsa faffaɗa ce mai haske, ƙarshen kowace doguwar murya na karkarwa. Dizzy Gillespie gudu yake yi, yana hawa can sama kamar zai huda rufin kwano. Sai Miles Davis, shi kamar mutumin da ke yi maka magana a kunne da tsakar dare don kada yara su farka. Na ce, "Baba, kayan busa iri uku ne wannan?" Ya ce, "Ƙaho ɗaya ne, yaro, irin na hannunka." A raina ban yarda ba. Na ƙudure cewa sirrin yana cikin ƙarfen, kuma na yi shekaru ina bin wannan zato da kuɗina da leɓena.

Bari in faɗi yadda bakin busa yake, don wanda bai taɓa riƙe shi ba. Ɗan guntun tagulla ne da aka shafe da azurfa, tsawonsa kamar yatsa, ana cusa shi a kan ƙahon. Yana da wuri huɗu. Akwai da'irar da leɓe ke zama a kai, ni gammo nake ce mata. A cikinta akwai ƙoƙo, inda leɓe ke karkarwa. Ƙasan ƙoƙon akwai ɗan rami, maƙogwaro ke nan, sai wutsiya wadda ke buɗewa a hankali har ta haɗu da bututun ƙahon. Ƙahon kansa ba ya yin sauti. Leɓe ne ke karkarwa, bututun nan mai tsawon kusan mita ɗaya da rabi, in an warware shi, ya karɓa ya gyara. To duk abin da leɓe ya yi, ta wannan ɗan ƙoƙo zai fara bi.

Nawa na farko an buga masa 7C a jiki, wanda galibi shi ke zuwa da ƙahon 'yan koyo. Lissafin Vincent Bach ne, mutumin Ostiriya da ya ƙaura Amurka ya fara ƙera bakin busa a 1918. A tsarinsa, ƙaramar lamba na nufin gammo mai faɗi, harafin kuma zurfin ƙoƙo yake nunawa, A ya fi zurfi, ana tafiya har F mai ɗan zurfi kaɗan. A takardar kamfanin, faɗin 7C milimita 16.20 ne, na 3C kuwa 16.30. Da ido ba za ka ga wannan bambanci ba. Leɓe yana gani.

Lokacin da na fara bin masu badujala zuwa bukukuwa, abin da ake yaba wa mai busa shi ne hawa sama. Wanda ya fi kowa tsirin murya shi ake juyowa a kalla. Sai na ba wani ɗan'uwana saƙo daga Legas ya kawo mini bakin busa na kamfanin Schilke mai lamba 14A4a, wanda masu jan gaba a manyan ƙungiyoyin jaz ke so. Ƙoƙonsa ba zurfi, wutsiyarsa matsattsiya. Ranar da na sa shi, muryoyin sama suka zo kusa, sautin ya yi kaifi kamar sabuwar lauje. Amma muryoyin ƙasa suka rame, kuma leɓena mai kauri ne, da na ɗan gaji sai ya taɓa gindin ƙoƙon, sauti ya ɗauke ɗif. Maimakon in sauke ƙahon in huta, sai in ƙara danna shi a baki da ƙarfin hannu. Hunturu ne kuma, leɓe ya riga ya bushe. A wani biki, ina tsakiyar busa na ji gishiri-gishiri a harshena. Da na cire bakin busan, jini ne ya zagaye gammon.

Mako uku ban taɓa ƙaho ba, sai man kaɗanya safe da dare. Har yau akwai ɗan farin tabo a tsakiyar leɓena na sama, kuma in hunturu ya shigo shi ke fara sanar da ni. Wannan ciwo ba ya jin girman mai busa. Armstrong ya sha fama da fashewar leɓe saboda yawan dannawa, Freddie Hubbard kuma, wani shahararren mai busa tirampet, leɓensa ya tsage a 1992, ciwon ya ruɓe, busarsa ba ta koma yadda take ba har ya mutu. Ba na ganin laifin 14A4a. An yi shi ne don mai siririn leɓe da ke da iska mai ƙarfi a ciki, wanda aikinsa shi ne muryarsa ta fito a kan ƙahoni goma sha wani abu. Ni ba wannan aikin nake yi ba.

Cikin zaman jinyar nan na koma kan kasetin Miles Davis, na gane cewa shi raina ke so tun farko. Daga baya na karanta cewa bakin busan da yake amfani da shi samfurin Heim ne, ƙoƙonsa mai zurfi, siffar mazurari, iska na gangarawa ba tare da ta daki kusurwa ba. Shi ke rage kaifi ya bar taushi. Malaminsa na yarinta, Elwood Buchanan, shi ya hana shi karkaɗa murya, ya sa shi busa ta miƙe sak. Wannan na biyun na karanta shi na wuce, mazurarin ne ya tsaya mini a rai.

Sai na ɗauki 7C ɗina na kai wa wani mai injin sassaƙa ƙarfe a layin kanikawa, na ce ya faɗaɗa mini maƙogwaron ya kuma zurfafa ƙoƙon. Ya juya shi a hannu ya ce, "Malam, nawa za a ci?" Na ce ya ɗan taɓa kawai. Ramin nan asalinsa milimita 3.66 ne. Bai kai minti biyu ba ya miƙo mini, azurfar ciki ta tafi, tagulla na ƙyalli, ramin ya isa ƙwayar masara ta wuce. Da na busa, sai na ji kamar ina hura buhu. Iska ta ƙare tun ban kai rabin jimla ba, muryoyin sama suka ƙi tsayawa a mazauninsu, kowace na zamewa. Mutumin ya yi abin da na sa shi ne. A ranar na san cewa wannan ɗan turjiya da maƙogwaro ke yi wa iska, wadda nake ganin kamar cikas ce, ita ce leɓe ke jingina da ita.

Baba Saje bai yi mini faɗa ba. Ya ɗaga shi sama ya leƙa ramin, ya ajiye, ya ciro 3C daga aljihun akwatinsa ya ce, "Riƙe wannan wata uku. Kada in ji ka canza."

A cikin watannin nan na je Argungu lokacin bikin kamun kifi. Bayan an watse daga kogin Matan Fada, na tarar da masu busa kakaki zaune a inuwa kusa da fada, sun kwance kakakinsu gaɓa-gaɓa. Na durƙusa na gaishe su, na nuna wa babbansu ƙahona. Dattijo ne, kumatunsa sun saki saboda shekarun busa. Ya sa babban yatsa ya shafa gammon, ya ce, "Wanga ƙoƙo naka ƙarami na, ɗana." Ya kai baki ya busa, bai taɓa fistin ko ɗaya ba. Abin da ya fito kakaki ne, wannan ruri mai cika ƙirji da ake ji in sarki ya fito, a cikin ƙahon da ni nake fitar da siririyar murya. Ya haɗa nasa ya miƙo mini. Bakinsa faffaɗa ne, leɓena ya nutse a ciki, da ƙyar na fitar da murya ɗaya, ita ma siririya. Ya karɓe ya ce, "Kai da leɓo kaka busa, mu ko da ciki."

A mota ina komawa Birnin Kebbi na tuna wani abu da na daɗe da sani ban auna ba. Davis da Gillespie duk sun busa ƙaho samfuri ɗaya, Martin Committee, kuma ba kunnen da zai rikita su. Shi Gillespie ma ƙahonsa da aka san shi da shi, mai baki a ɗage digiri 45, hatsari ne ya kawo shi: a 1953 wani ya faɗa kan ƙahon a wurin liyafa ya lanƙwashe, ya busa a haka ya ji sautin na isa kunnensa da wuri, sai ya sa aka ƙera masa irinsa. Jin kansa yake nema.

Ba cewa nake yi ƙarfe ba ya aiki ba. Ƙaho mai nauyi, irin na kamfanin Monette da Wynton Marsalis ke busawa, yana riƙe sauti ya yi kauri, mai sauƙin nauyi kuma yana saurin amsawa ya yi haske. Fulugel, ɗan'uwan tirampet wanda Hugh Masekela ya shahara da shi, bututunsa na buɗewa tun da wuri kuma ƙoƙonsa mazurari ne, don haka duhun muryarsa ba a samun sa a tirampet komai ƙoƙari. Abin da kaya ke yi shi ne su kawo wani sauti kusa su nisanta wani. A ƙasarmu kuwa, kafin a kai ga sunan kamfani, lafiyar ƙahon ce kan gaba. Ƙurar hunturu na shiga fistin ta ci shi, iska ta riƙa zurara, sauti ya dushe, mutum ya yi ta zargin bakin busa. Ina wanke nawa da ruwa mai ɗumi da sabulu, ina sa wa fistin mai kafin kowace busa. A zafin Afrilu kuma, da ƙahon ya ɗau zafi muryarsa na ɗagawa sama, dole in ja bututun saiti waje fiye da yadda nake ja a Disamba.

Na cika wa Baba wata ukunsa da 3C, kuma har yau shi ke kan ƙahona. Makon farko ya yi daɗi, na uku ya yi nauyi har na so ajiye shi, a wata na biyu leɓe ya zauna. Shi ya sa ba na yarda da hukuncin da aka yanke wa bakin busa a rana ɗaya. Kullum da sassafe nakan fita bakin fadama, in ja iska har ciki ya cika, in riƙe murya ɗaya a hankali ba karkarwa har numfashi ya ƙare, sannan in sauka rabin mataki. Ina ajiye waya taku goma a gabana tana ɗauka, domin abin da mai busa ke ji a bayan ƙaho daban yake da abin da ke isa ga mai sauraro. Da dare a gida nakan sa matoshin Harmon, wanda ake toshe ƙarshen ƙaho da shi don rage sauti, in zare ɗan bututun tsakiyarsa kamar yadda Davis ke yi yana manna shi da makirfo. Sautin yakan zama siriri mai ɗan zuzu, bai ma kai ɗakin maƙwabta.

Baba Saje ya tsufa yanzu, haƙoransa na gaba sun zube, ya daina busa. Ranar Asabar da ta wuce na je gaishe shi da ƙahona. Ya ce in koma bayan katanga in busa inda ba ya ganina. Na busa masa wani abu a hankali, muryoyin tsakiya kawai. Da na zagayo na tarar da idonsa a rufe, hannunsa na dama a kan gwiwa, yatsu uku na motsi. Ya ce, "Na gane ka tun muryar farko, yaro. Amma ta ƙasan nan iska na zuba a gefen bakinka na hagu. Koma ka sake."