Godiya daga Guangzhou: jakata ta dawo

Assalamu alaikum. Alhamdu lillahi, jakata ta dawo hannuna. Fasfo da kuɗin kaya duk suna ciki, ko sisi bai yi ciwon kai ba.

Ga waɗanda ba su ji ba: ranar Talata na taso daga baje kolin Canton da ake yi a Pazhou, cikin birnin Guangzhou na ƙasar Sin, na sauka daga tasi a unguwar Xiaobei, sai da na hau bene na tuna jaka tana kujerar baya. Kwana biyu abinci bai wuce mini maƙogwaro ba.

Godiyata ta farko ga dattijuwar da ke da shagon waya a ƙasan masaukinmu, haifaffiyar garin. Ita ta tambaye ni ko na karɓi rasit. Na lalubo shi a aljihu duk ya cukuikuye, ashe lambar motar tana jiki. Ta yini tana buga waya har aka samo direban. Da ya shigo da jakar a hammata, sai ta dafe ƙirji ta ce: "Hou choi!"

Da yarensu na Kantonis, "hou" kyau ne, "choi" kuma launi ko rabon da mutum ya ci. In an haɗa, sa'a ke nan. Amma an fi jin ta a bakinsu daidai inda mu za mu ce "an auna arziki", wato masifa ta zo gab ta kauce. Rashin sa'a kuwa "m hou choi". Yarensu kamar namu ne, karin murya na sauya ma'ana. Da na gwada faɗa, ban ɗaga muryar ba, sai "choi" ɗina ya koma kayan lambu. Ta yi dariya har da hawaye.

Ta koya mini "hou choi yau nei", ma'ana na yi sa'a da kai. Shi na faɗa wa direban, wanda da ƙyar ya karɓi ko kuɗin mai. Ni dai na san Allah ne ya tsare, amma ta hannunsu.

'Yan'uwa 'yan kasuwa da suka ciyar da ni bashi, da jama'ar masallacin Huaisheng, da Hajiyarmu da ta kwana kan sallaya a Kano, Allah ya saka da alheri. Jirgina ranar Asabar in sha Allahu. Masu jiran kaya, ku ƙara haƙuri kaɗan.