Gilashi mai launi da fenti da gam a cikin gida

Duk wanda ya ga hoton masallacin Nasirul Mulk da ke Shiraz a ƙasar Iran, wanda aka kammala a shekarar 1888, ya san yadda hasken safiya ke ratsa tagoginsa ya zuba ja da shuɗi da kore a kan dardumai. A irin wannan gilashi, launin yana cikin jikinsa ne tun daga wuta, domin sinadarin kobalt ke ba da shuɗi, zinariya kuma ta ba da ja. A tsofaffin majami'un Turai, kamar na Chartres a Faransa, da dalma ake haɗa gutsattsarin gilashin, aiki ne kuma na ƙwararrun masu sana'ar gilashi. Abin da muke yi a gida kwaikwayo ne kawai, amma idan aka kiyaye ƙa'idarsa yakan yi kyau ƙwarai.

Ana farawa da gilashin tsohon firam ɗin hoto, a goge shi da sifirit har maiƙon yatsu ya fita, sannan a shimfiɗa shi a kan takardar da aka yi zane. Ni dai na fi son zane mai manyan gidaje da layuka masu haɗuwa da juna, irin dagin Arewa, saboda kowane launi yana buƙatar shingen da zai tsare shi. Farin gam na kafintoci ake kwaɓawa da baƙin fentin akrilik, wato fentin masu zane da ake sirkawa da ruwa, har ya yi kauri, a zuba shi a 'yar leda mai tsini, a bi layukan da shi kamar yadda masu zanen lalle ke yi. Wannan baƙin layi shi ne madadin dalma, kuma dole ne a bar shi ya kwana ya bushe sarai kafin a kawo launi kusa da shi.

Wurin haɗa launi ne yawancin masu koyo ke ɓata aikinsu. Fentin akrilik yana toshe haske, saboda haka ɗigo ɗaya ko biyu sun ishi cokalin gam guda, kuma wanda ya ƙara don yana ganin launin bai fito ba, zai wayi gari da allo mai duhu wanda rana ba ta ratsawa. Kada farin da kwaɓin ya yi tun yana ɗanye ya ruɗe ka, domin gam yakan washe idan ya bushe, sai launin ya bayyana. A zuba kwaɓin a tsakiyar kowane gida, a ja shi da tsinken sakace har ya taɓa baƙin layin ta kowace kusurwa, a kuma fasa ƙananan kumfar da ke tasowa, in ba haka ba za su bushe su zama ramuka.

Lokacin hunturu aikin yana saurin bushewa, sai dai ƙura tana manne masa, don haka a kifa kwali a kansa ba tare da ya taɓa shi ba. Ruwa kuma yana tausasa irin wannan gam, saboda haka ta cikin ɗaki ake jingina gilashin a taga, kuma da busasshen ƙyalle ake share shi.