Ina nauyin gawayi ya tafi?

Ranar Talata wata yarinya a ajina ta kusa ɗaure ni. Na gama rubuta a allo cewa nauyin abu ba ya ɓacewa, ko siffarsa ce ta sauya ko ya rikiɗe ya zama wani abu dabam, sai ta ɗaga hannu. "Mushe, to gawayin da innata ke sayowa a kasuwar Dole fa? Buhu guda, amma tokarsa ko tiya ba ta cikawa."

Na ce ta yi mini haƙuri sai gobe.

Washegari na aro ƙaramin sikeli wajen wani maƙerin azurfa a Birni. Muka fara da ƙanƙarar leda. Muka auna, muka bar ta a taga ta narke, muka goge raɓar da ta taru a bayan ledar, muka sake aunawa: daidai wa daida. Wannan bai burge kowa ba, ruwa ne ya koma ruwa.

Sai kanwa. Na matse lemun tsami a gorar roba, na ƙulle garin kanwa a ƴar takarda na jefa ciki, na murɗe murfi tam. Muka auna. Na girgiza, kumfa ya taso, gora ta yi tauri kamar ganga, amma lambar sikeli ko motsi. Da na kwance murfi sai muka ji "fusss", nauyi ya ragu da kusan giram guda. Abin da ya fita iskar CO2 ce, irin wadda muke fitarwa in mun yi numfashi, kuma ga shi ido ya shaida tana da nauyi.

Dabarar rufe kwalba kafin awo ita ce ta Labuwaziye, masanin nan na Faransa, wanda ya bayyana wannan ƙa'ida a 1789. Shekara biyar bayan haka ƴan juyin juya hali suka fille masa kai. Yara sun fi riƙe wannan fiye da darasin, abin haushi.

Gawayi kuwa, akasarinsa wani sinadari ne mai suna kabon. In yana cin wuta, giram 12 na kabon kan haɗu da giram 32 na oksijin da ke cikin iskar da muke shaƙa, su ba da giram 44 na CO2. Wato iskar da ke tashi daga murhu ta fi gawayin kansa nauyi, sai dai ba mai tare ta. Toka ɗan ma'adinin da wuta ta kasa ci ne.

Yarinyar ta yi shiru, can ta ce, "Mushe, wa zai faɗa wa inna kuɗinta na sama?"